Ranar da Jamku Ta Nemi Romon Wake

Sau biyu aka shirya wa yayata Jamku mutuwa. Ta farkon ni na shirya mata da bakina.

Shekara bakwai ta ba ni. Sunana Nemichand, amma ban taɓa jin ta faɗe shi gaba ɗaya ba, sai dai Nemi, idan na ɓata mata rai kuma in zama mai kan tulu. A layinmu aka aurar da ita, gida huɗu tsakaninmu, a wani ƙaramin gari na ƙasar Marwar da ba shi da nisa da Pali. Tana da shekara talatin da biyu mijinta ya rasu, ya bar mata ɗa guda, Parasmal, da gida mai faffaɗan soro. A kan wannan soro ta yi rayuwarta. Papad take yi, wainar nan ta garin wake mai sirantaka kamar ganye. Da rani, in ka hau soronta da hantsi, sai ka tarar ta shimfiɗe su ɗaruruwa a kan zannuwa, kamar an sauko da ƙananan watanni ana shanya su. Ita kuma tana tsakiya da sanda tana zagin hankaki.

Ba za a ce ba ta da addini ba. Ba ta shan ruwa sai ta tace. Albasa da dankali ba su taɓa shiga tukunyarta ba. Rana na faɗuwa take kife kwanonta. In tana tankaɗe ta ga ƙwaro a gari, sai ta ɗauke shi a kan farce, ta kai shi bakin taga ta ajiye a hankali, tana cewa, “Tafi, ɓarawo, ubanka ne ya niƙa?” Amma azumi ya gagare ta. A kwana takwas ɗin nan na damina da kowa yake azumi, har waɗanda ba su da haƙori, Jamku takan ɗauka da safe da niyya mai kyau. Kafin rana ta take tsaka sai ka ji ƙamshin barkono yana fitowa daga gidanta. Duk gari an sani, ita ma ba ta ɓoyewa.

Abin da malamanmu suke karantowa daga littattafai game da rai da karma ta fahimce shi, sai dai da harshen madafi take faɗarsa. Takan ce rai kamar wankakken hannu ne, karma kuwa gari ne da ke tashi ko'ina a ɗaki. In hannunka a bushe yake, ka kaɗe, ya zube. In da mai a hannun, ya manne. Man kuma iri huɗu ne: fushi, girman kai, yaudara da kwaɗayi. Ba mai wanke wa wani hannu. Ranar da ƙwayar ƙarshe ta faɗi, rai ya kuɓuta, ba a sake haihuwarsa.

“Ni nawa man kwaɗayi ne,” in ji ta, tana lasar yatsa. “Na san abina. Ku da ba ku san naku ba, ku kuka shiga uku.”

Mutum ɗaya ce ba ta shiri da ita, Gulab, wadda ita ma papad take yi, gida uku daga nata. A wani biki Gulab ta ce kanwa ta yi yawa a papad ɗin Jamku. Shekara ashirin da biyu ke nan ba gaisuwa. Ko a ranar neman gafara ta shekara, da kowa yake haɗa hannu ya roƙi kowa, su biyun nan sai kowacce ta kalli bango ta faɗi nata.

Tana da shekara sittin da uku zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar damina, ya sauka a ƙirji. Kwana tara tana ƙonewa. A rana ta goma da safe likitan da muka ɗauko daga Pali ya naɗe kayansa, ya ja ni da Parasmal zuwa zaure, ya ce ba za ta ga faɗuwar rana ba.

A wurinmu, in mutuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ba a son mutum ya fita yana riƙe da cokali. Ana ba shi santara, alkawarin barin abinci, don ya tafi hannu sake, ya roƙi gafarar duk mai rai, ya yafe wa duk mai rai. Masu zuhudu ne ya kamata su karanta wa mutum. Amma watanni huɗun damina ba sa tafiya, don ƙasa cike take da ƙananan rayuka, kuma a wannan shekara babu ko ɗaya da ta zauna a garinmu. Mafi kusa tana tafiyar rabin yini a mota. Ni ne na haddace kalmomin, sai aka ce ni.

Santara iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda ake bar wa ƙofa: in na tsira daga wannan ciwo, na koma cin abincina. Akwai babba, wadda ba ta da ƙofa: daga yanzu har numfashin ƙarshe, sai dafaffen ruwa da rana. Mai hankali, in ba shi da tabbas, ƙaramar yake bayarwa.

“Kawu, ka ba ta babbar,” in ji Parasmal, idonsa jawur. “Ka ji dai abin da likita ya ce.”

Dattawa biyu da ke wurin suka gyaɗa kai. Amma ba zan ɗora musu ba. Ni ma ita nake so. Na ce a raina, yayata da aka shekara arba'in ana yi wa dariya ba ta iya azumin yini guda, bari ta fita da azumin da ya fi kowane girma. Na durƙusa kusa da kunnenta na tambaye ta sau uku. Sau uku ta buɗe ido ta ce e. Na karanta mata babbar. Aka sauke ta daga gado zuwa shimfiɗar ciyawa, aka lulluɓe ta da farin zane, muka zauna muna jiran yamma.

Yamma ta zo ta wuce. Washegari gumi ya karyo mata har ya jiƙa ciyawar. A rana ta uku ta santarar, da hantsi, ina zaune ina jan carbi, sai na ji motsi. Jamku ce ta dafa bango ta tashi zaune. Ta dube ni, ta dubi surukarta Kanchan, matar Parasmal, ta shaƙi iska.

“Me aka dafa a gidan nan? Ban ji ƙamshin komai ba.”

Kanchan ta ja mayafi ta rufe fuska. Carbin ya suɓuce daga hannuna.

“Nemi, kurma ka zama? Kuma uban wa ya kwantar da ni a ƙasa kamar akuya?”

“Yaya,” na ce, “kin ɗauki santara. Shekaranjiya.”

Ta dubi farin zanen, ta shafa ciyawar da hannu. Na ga abin yana isa gare ta a hankali, yadda ruwa ke bin ƙasa busasshiya.

“Ƙaramar ko babbar?”

“Babbar.”

“Wa ya karanta?”

“Ni.”

“Na ce e?”

“Sau uku.”

Na yi zaton za ta kira ni mai kan tulu. Da ta yi, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon taga, inda ruwa ke ɗiga daga indararo, sannan ta ce, “To. Ba ni ruwan.”

Kafin yamma labari ya cika gari. Ba wanda ya ce kuskure aka yi. Cewa aka yi ciwo ya gudu don ya ba ta wuri ta yi babban aiki da cikakken hankalinta. Washegari mutanen layi suka zo. Jibi na ƙauyuka. Daga rana ta shida motoci suka fara zuwa daga Pali, har daga Jodhpur, cike da mata masu jajayen mayafai da maza masu manyan rawuna. Ana cire takalmi tun daga bakin layi. Mutum ya durƙusa a gabanta ya ɗauki alkawari: wannan ya bar alewa shekara guda, waccan ta bar shayi har abada. Wasu mata suka tsara waƙa da sunanta a ciki, ana rerawa daga safe zuwa yamma. A tsakar gida kuma kafinta ya fara haɗa kujerar nan mai rumfa da ake ɗaukar gawar mai santara a zaune, ana zagaya gari da ita. Tana jin ƙarar gudumarsa daga inda take.

Abin da ya fi tsorata ni, kyau ta yi. Jikinta yana raguwa, fuskarta tana haske kamar fitila a bayan farin ƙyalle. Matar da ba ta iya kai wa azahar ba ci, ga ta kwana bakwai ba ta ko yi ƙorafi ba. Ta koyi ɗaga hannu a hankali tana sa wa mutane albarka.

Likitan ya dawo a rana ta bakwai, shi ba ɗan addininmu ba ne. Ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya miƙe yana kallonmu kamar ya ga mahaukata.

“Ƙirjin nan fes yake. Matar nan za ta iya shekara goma. Ku ba ta abinci!”

“Kai ka ce ba za ta kai yamma ba,” in ji Parasmal.

“Na ce, na kuma yi kuskure. Sai ku kashe ta don kada in zama maƙaryaci?”

Parasmal ya riƙe masa jaka har bakin mota. Da ya dawo na tare shi a zaure na ce masa mu yi wani abu. Ya fashe da kuka, ya ce, “Kawu, uwata ce. Kana tsammani ina barci? Amma wa ya taɓa jin an warware babbar? In ta karya, wace haihuwa za ta faɗa? Kai ka fi ni sani.”

Na fi shi sani kuwa. In ta ci, ta karya alkawari mafi nauyi da ɗan adam ke ɗauka. In ba ta ci ba, lafiyayyar mace za ta mutu saboda gaggawar bakina.

A rana ta takwas Gulab ta zo. Mutane suka dare mata hanya. Ta tsaya tsaye kaɗan, sannan ta durƙusa ta ɗora goshinta a kan ƙafafun Jamku ta ce, “Ki yafe min.” Mata suka fashe da kuka. Jamku ta ɗora mata hannu a ka. Ina kusa, na ga wani abu ya gilma a gefen bakin yayata, irin wanda nake gani in ta ɗanɗana miya ta ji gishiri ya yi daidai. Ban gane shi ba a lokacin.

Washegari na hau mota na tafi wurin mai zuhudun nan mafi kusa da mu, wata tsohuwa. Maharaj muke kiransu. Na same ta zaune a kan katako a zauren ibada, ƙanƙanuwa, farin ƙyalle ɗaure a bakinta, tsintsiyarta ta ulu a kan cinya. Na faɗa mata komai.

“Kai ka ɗaura mata?”

“Ni ne, Maharaj. Ki kwance mata.”

“Igiya ka gani a hannuna? Alkawari tsakanin rai ne da kansa. Ba ni na ɗauka ba, ba zan iya ajiyewa ba.” Ta girgiza kai. “Ku mutanen gida akwai ku da sauri. Kun ga ƙofa biyu, sai kuka zaɓi wadda za ta yi kyau a bakin mutane.”

Na sunkuyar da kai.

“Abu ɗaya zan ba ka ka kai mata. Littattafanmu sun faɗi abubuwan da ke ɓata santara ko da ƙwayar shinkafa ba ta shiga baki ba. Son mutuwa ta yi sauri saboda wahala. Son kwanaki su ƙaru saboda ana girmama mutum. Begen waɗanda za a bari. Tuna daɗin da ya wuce. Sa ran za a saka wa mutum a gaba. Ta duba cikinta ta gani. Ka faɗa mata yadda na faɗa. Kada ka rage, kada ka ƙara. Ka riga ka ƙara sau ɗaya.”

A rana ta goma na samu ɗan sarari tsakanin ayari biyu na baƙi, na faɗa wa Jamku. Ta saurara idonta a rufe.

“Ka gama?”

“Na gama.”

“To matsa, kana tare wa mutane hanya.”

Na fita na zauna kusa da kujerar kafinta. An gama ta, har an fara ɗaura mata ƙananan tutoci. Na san ranar nan cewa na kashe yayata.

Rana ta goma sha ɗaya aka kece da ruwa tun asuba, irin wanda ke mai da layinmu rafi. Kogin da ke kan hanyar Pali ya hau gada. Ba mota, ba waƙa, ba kowa. Daga ni sai Kanchan a ɗakin, sai ƙarar ruwa a soro. Jamku ta yi ta juya kai wajen ƙofa. Can ta kasa daurewa.

“Ina mutanen Pali? Ba an ce mota biyu yau ba?”

“Ruwa ya cinye hanya, Inna,” in ji Kanchan.

“To masu waƙar fa? Narkewa za su yi?” Muryarta ta dawo irin ta da, ta korar hankaki. “Ita Gulab fa? Gida uku ne! Ita ma kogi ne ya raba mu? Sau ɗaya ta zo, shi ke nan ta biya shekara ashirin da biyu?”

Sai ta yi shiru. Ba mu muka katse ta ba. Kanta ta ji. Bakinta ya tsaya a buɗe, idanunta suka yi girma, ta ɗaga hannunta na dama, wanda take sa albarka da shi, ta juya shi gaba da baya tana kallo kamar hannun wani ne. Ban taɓa ganin firgita irin wannan a fuskar mutum ba, ko a ranar da aka shigo da gawar mijinta. Yinin nan ba ta sake magana ba, ko ruwan ba ta sha ba.

Washegari rana ta fito, gada ta buɗe, waɗanda ruwa ya tsare da waɗanda ranarsu ce suka haɗu. Ɗaki ya cika, tsakar gida ta cika, har kan soro akwai mutane. Ana cikin waƙa, wajen tsakar rana, Jamku ta ɗaga hannu. Aka yi tsit. Kowa ya matso don ya ji abin da mai tafiya za ta bari.

“Kanchan,” ta ce, “dafa min romon wake. Tsararo, ba gishiri.”

Ba wanda ya motsa. Wata tsohuwa a baya ta tambayi ta kusa da ita me aka ce. Parasmal ya rarrafo ya kama ƙafarta.

“Inna, zazzaɓin ne ya dawo. Ba ki san abin da kike faɗa ba.”

“Sake min ƙafa, an taɓa ta ya isa. Ban taɓa sanin abin da nake faɗa ba irin yau.” Ta juya ga jama'a, muryarta siririya amma tana kai wa ƙofa. “Kuna cewa kwana goma sha biyu ban ci komai ba. Ƙarya ne. Ku nake ci. Tun rana ta biyar nake ƙirga kawunanku. In mota ta tsaya a waje sai in ji kamar an sa min alewa a baki. Na roƙi kwanakin nan su kai arba'in, don a ce ba a taɓa yin irina ba a ƙasar nan. Ke Gulab, kina ina?”

Gulab tana jikin bango.

“Goshinki a kan ƙafata ya fi min duk abin da na taɓa ci a duniya daɗi. Ban yafe miki ba ranar nan, cin ki na yi. Santarar nan ta daɗe da karyewa, cikina ne kawai ba a faɗa wa ba. Da in mutu a haka, hannu sharkaf da mai, ana kaɗa min ƙararrawa, gara in ci in ji kunya ina raye.”

Ɗakin ya fashe. Wani dattijo ya toshe kunnuwansa ya fita da baya. Mata suna salati irin namu, wasu suna kuka, wata tana cewa, “Wayyo, a gabanmu!” Wani ɗan Jodhpur mai ƙaton ciki ya yi ta tambaya da ƙarfi ko shi ma yanzu zai iya komawa shan alewarsa.

“Alkawarinka naka ne,” in ji Jamku. “Ni na ce ka ɗauka?”

Parasmal ya miƙe, fuskarsa kamar toka. “Inna, in kika sa wani abu a baki yau, da wane ido zan fita layin nan?”

“Da waɗanda na haife ka da su.”

Ya dubi matarsa, Kanchan ta daskare a inda take. Ba wanda zai dafa. Sai na ga ashe ni ya rage, tunda bakina ne ya jawo. Na tashi, na ratsa mutane zuwa madafi, ni da ban taɓa hura wuta ba. Ina shiga na tarar da mutum a tsugune a gaban murhu, tana tsince wake a faranti ƙwaya-ƙwaya, hawaye na zuba daga haɓarta. Gulab ce.

“Fita min, Nemichand, kafin ka ƙona gidan,” ta ce ba ta ko ɗago ba. “Tsaya a ƙofa. In ya dahu kai za ka kai mata, ni ba zan iya kallon fuskar matar nan ba.”

Ni na kai. Kafin romon ya dahu rabin mutanen sun tafi, sauran suna tsaye kamar itatuwa. Na durƙusa a daidai wurin da na durƙusa kwana goma sha biyu da suka wuce. Hannun Jamku ya kasa riƙe kwanon, na riƙe mata. Ta haɗa hannu ta roƙi gafarar duk wanda ke wurin, da duk mai rai da ba ya wurin. Sannan ta kurɓa. Na ji sautin haɗiyarta a ɗakin kamar an jefa dutse a rijiya.

Ta lumshe ido, ta buɗe. “Wa ya dafa?”

“Gulab.”

“Na sani. Ko ruwa ba ta iya dafawa ba.”

Garinmu bai ɗauki abin da sauƙi ba. Gidaje da yawa suka daina sayen papad ɗinta. In ta shiga zauren ibada, mata su matsa su bar mata fili mai faɗi a baya. Parasmal ya kwashe iyalinsa ya koma Pali, ya shekara biyu bai tako gidan ba. Ni ma an daina kirana bakin gadon kowa, kuma daidai ne.

Da damina ta wuce ta tafi wurin Maharaj da ƙafa, ta yi kwanaki tana tafiya, ta faɗi laifinta. Tsohuwar ta yanka mata kaffara: kwana biyu a kowane mako har ƙarshen ranta, ci ɗaya a yini, ba gishiri, ba mai, ba barkono, ba zaƙi. Ga Jamku wannan ya fi yunwa. Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, kuma ba ta taɓa yin ko ɗaya ba tare da mita ba.

Ba ta taɓa cewa ta yi daidai ba. Na tambaye ta wata rana a kan soro ko tana nadama.

“Na karya alkawari, Nemi. Gari ne mai nauyi, ya manne, zan tafi da shi wata haihuwar in biya. Ba na tsammanin na tsira.” Ta juya papad ɗaya. “Shekara sittin ina gadin ƙofar kwaɗayi, ashe girman kai yana zaune a ɗaki ya miƙe ƙafa. Da ba ka yi wautarka ba, da ban gan shi ba. Kada ka ji daɗi, har yanzu mai kan tulu ne kai.”

Kujerar mai rumfa kuwa kafinta ya ƙi karɓarta, ba kuma wanda zai taɓa ta. Jamku ta sa aka hau da ita soro, ta cire tutocin, tana shanya papad a kanta. Masu wucewa sukan ɗaga kai su gani, su kau da fuska.

Shekara tara ta ƙara. A ta ƙarshen ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gajarta, abinci ya daina zama. Wannan karon da rani ne, kuma akwai masu zuhudu a gari. Ta aika aka kira ɗaya, ta sa na rufe ƙofa da sakata, ta ɗauki babbar daga bakin da ya dace, da hankalinta, bayan ta yi wata guda tana tunani. Daga ni sai Parasmal da Kanchan da Gulab muka sani.

“In ka faɗa wa ko kyanwa,” ta ce min, “sai na dawo na zama ƙwaro a garinka.”

Kwana uku ta yi. Ba waƙa, ba mota. Ta cika da hantsi, lokacin da ta saba hawa soro. Parasmal ya hau ya duba kujerar, ko da ta riga ta hana a ɗauke ta a kai, ya tarar gara ta cinye ƙafafunta, kuma a gidajenmu ba a korar gara. Muka ɗauke ta a kwance a kan gora, yadda ake ɗaukar kowa. Mutanen layi suna fitowa suna tambaya me ya same ta. Na buɗe baki, sai na ji Gulab ta taka min ƙafa.

“Tsufa,” na ce.